Sikirinshot kaɗai bai isa hujja ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in yi magana kan wata al'ada da ta zauna mana. Da gardama ta kaure kan wane ya faɗi kaza ko bai faɗa ba, sai a ce a kawo sikirinshot, wato hoton abin da ke kan allon waya ko kwamfuta, kuma da an kawo, hukunci ya yanku. Ana ganin hoto ya fi rubutun da aka kwafo ƙarfi, tunda rubutu kowa na iya tsara shi. To, hoton ma haka yake.

Wanda ya buɗe shafi da Chrome a kwamfuta ya danna maɓallin F12 zai iya sauya kalmomin da ke allonsa, har suna da kwanan wata, sannan ya ɗauki hoto. Shafin asali na nan yadda yake. Kuma duk ƙwarewar mai bincike ba zai ga alamar gyara a hoton ba, domin ba hoton aka taɓa ba, allon aka taɓa. Na WhatsApp ya fi sauƙi: mutum ya ajiye lambar abokinsa da sunan wani malami ko ɗan siyasa, abokin ya sa hoton mutumin, su shirya hira. Ko ba a ƙirƙira komai ba, yanke saƙon da ya gabata kaɗai ya isa ya mai da amsa zagi. Da irin wannan aure ke mutuwa, ana kuma zubar wa bayin Allah mutunci.

Rubutun da aka kwafo ya fi hoto a wuri ɗaya mai muhimmanci: ana iya liƙa jimlar a shafin bincike na intanet a nemo asalinta. Ba ya cin data sosai, kuma wayar makaho na karanta masa shi. Sai dai yana zuwa ba suna ba lokaci, kuma "bai amince ba" na komawa "ya amince" cikin daƙiƙa.

Abin da ke ba kowannensu nauyi shi ne hanyar komawa tushe. Don haka a fara kwafo adireshin rubutun na intanet (link) kafin komai. Sannan a ɗauki hoton allo gaba ɗaya, da suna da kwanan wata da abin da ke sama da ƙasa, kada a yanke, kada a zana jan layi a kai. Ya fi kyau a naɗi bidiyon allo, a fara daga shafin mai maganar a gangaro har kan rubutun. In shafin jarida ne, a ajiye kwafinsa a Wayback Machine, wato rumbun adana shafukan intanet. Amma a sani sau da yawa ba ya kama rubutun Facebook da sai an shiga da asusu. A yi hanzari, domin tun 2023 WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15. Hirar WhatsApp a fitar da ita dungum a matsayin fayil. Wajen tura hoto a tura shi a matsayin fayil (Document), in ba haka ba manhajar na matse shi ta goge bayanan da ke jikinsa. Uwa uba, kada a goge saƙon asali daga wayar da ya shigo.

Kotu ma ba ta karɓar irin wannan hujja haka kawai. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buƙaci a bayyana na'urar da ta fitar da takardar da yadda aka fitar da ita. A shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika wannan sharaɗi ba.

Roƙona ga jaridarku: duk labarin da aka gina kan sikirinshot, a gaya wa mai karatu ko wakilinku ya ga rubutun a inda aka wallafa shi da idonsa, kuma ko an tuntuɓi wanda aka jingina wa maganar kafin a buga.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Zariya