Abba, wannan 56 ɗin ba abin dariya ba ne

Assalamu alaikum Abba. Ya aiki, ya zafin Abuja. Mu nan Alhamdulillah, ƙafar Ummanku ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida.

Auta ta nuna min abin da ka sa a status, wai ka je ba wa abokin aikinka jini aka auna aka ce PCV ɗinka, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin jini, 56, ka rubuta wai jini ya yi maka yawa har rabawa kake, da 'yar fuskar dariya a ƙasa. Kar ka kira ta ka yi mata masifa, ni na karɓi wayar da hannuna. Tun ranar barcina ya ƙi daɗi wallahi.

Ka san aikin da na yi har na yi ritaya, a kan jinin mutane idona ya tsufa. Ɗan siririn bututun gilashin nan da kake ɗauka kana wasa in ka biyo ni ɗakin gwaji kana yaro, shi ake cikawa da jini a liƙe gindinsa a sa a inji ya juya shi, in an ciro sai ka ga jan ya kwanta ƙasa, ruwan nan mai launin ɗorawa ya tsaya a sama. PCV kason jan ne a cikin 100. Namiji lafiyayye tsakanin 40 da 50 yake. Kai 56, wato ruwan da zai ɗauki ƙwayoyin ya kai su inda za su ya yi kaɗan kenan, kuma kaurin jini ba a hankali yake hawa ba, da ya wuce 50 ɗin nan duk ɗan ƙarin da aka samu sai kaurin ya yi tsalle. Jinin mai lafiya ma ya ninka ruwa kauri wajen sau 3 zuwa 4, to balle naka.

Inda tsorona yake shi ne ƙwaƙwalwa. Ita fa ba ta da ajiya, nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jikinka ba amma wajen kashi 20 na iskar oksijin da jikinka ke amfani da ita, ita ke cinyewa, kuma ta jijiyoyi 'yan mitsi-mitsi abin yake isa gare ta, wasu sai ƙwayar jini ta lanƙwasa kanta kafin ta wuce. In jini ya yi kauri tafiyarsa sai ta yi sanyi, in ta yi sanyi sai jajayen ƙwayoyin su riƙa mannewa da juna suna jeruwa kamar an ɗora kwabbai ɗaya kan ɗaya, na sha ganinsu haka a madubin gwaji, akwai wani sinadari a ruwan jini da ake kira fibrinojin shi ke taya su mannewar, su kuma suna mannewa kaurin na daɗa ƙaruwa. Sai a samu jijiyar da dama kitse ya matse ta ko hawan jini ya riga ya ji mata, gudan jini ya tsaya a wurin, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke gaba ya rasa iska ya fara mutuwa cikin mintuna. Shanyewar ɓarin jikin da ka sani kenan, kuma yawancinta ta toshewa ce irin wannan, ta fashewar jijiya ba ta kai ta yawa ba. Gaskiya hawan jini shi ne uban tafiya, kaurin jini mai taya shi ne, to amma gidanmu fa? Wa ka sani a ɗakin kakanka da ya haura 40 ba ya shan ƙwayar hawan jini?

Ka ga Baffanka da idonka. Kai ka riƙe masa buta. Ba sai na ce komai ba.

Yanzu tambaya nake, kuma amsar gaskiya nake so. Shishar nan ka daina ko ƙarya ka yi wa Ummanku? Gawayin da ake ɗorawa a kanta guba yake fitarwa, irin wadda ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iska, shi kuma jiki sai ya ɗauka ƙwayoyin ne suka yi kaɗan ya yi ta ƙero wasu. Sannan maganar da ta zo min cewa a wurin ɗaga ƙarfen da kake zuwa akwai masu yi wa yara allurar testosteron, sinadarin mazantaka, don ƙirji ya buɗe, ban ce ka yi ba, amma hotonka na sallah kafaɗun nan ba na tuwo ba ne. Allurar nan sananniya ce wajen ɗaga PCV, ko wanda likita ya rubuta wa sai ana bin jininsa da gwaji. Haba Abba. Ni da na hana kaina sabon mashin shekara da shekaru don ka gama makaranta, sai ka je ka ba wani yaro da ko sirinji bai iya riƙewa ba damtsenka? Kuma ka wuni a rana a wurin gini kana zuba gumi, ruwa ba ya gabanka sai lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari. Za ka ce na cika mita, na ji, Ummanku ma haka take cewa. Gara ka ji haushina kana tafiya da ƙafarka.

To ka saurara. Mai yiwuwa ranar a bushe kake, ƙishirwa kaɗai tana iya ɗaga lambar, ina roƙon Allah ya sa ita ce. Ka sha ruwa sosai har fitsarinka ya yi haske, ka bar shishar, ka koma asibiti na gaske a sake aunawa, a ƙirga har fararen ƙwayoyi da masu daskarar da jini, a duba hawan jini da suga. In ya sake fitowa sama ka ce a haɗa ka da likitan jini, don akwai cutar ɓargo da ake kira polisaitimiya vera, ɓargon ne ke ƙera jini ba ƙaƙƙautawa, akwai gwajin da ake mata sunansa JAK2. Masu ita ɗibar musu jini ake yi a asibiti a riƙe su ƙasa da 45, don wani bincike da aka yi a Italiya aka fitar a 2013 ya nuna waɗanda aka bari tsakanin 45 da 50 sun ninka sauran kusan sau 4 wajen toshewar jijiya da mutuwa ta wannan hanyar. Ka ji fa, 50 ma. Kar ka ce za ka je wanzami ya yi maka ƙaho shi kenan, ban raina ƙaho ba amma ba shi da ma'auni. Kar ka sayi asfirin a kemis ka fara sha da kanka, maganin ƙarin jinin nan na kwalba kuwa ko kyauta aka ba ka ka mayar.

In kana yawan ciwon kai, ko jiri, ko gani dishi-dishi, ko jikinka na ƙaiƙayi in ka yi wanka da ruwan ɗumi, ka faɗa wa likitan, kar ka ɓoye don jarumta. Kuma ka zaunar da abokin ɗakinka ka gaya masa, in ya ga bakinka ya karkace ko hannu ɗaya ya saki ko magana ta sarƙe, ko da ya wartsake bayan minti 10, ya sa ka a mota sai asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, kar ya tsaya shafa mai ko hayaƙi ko kiran gida a yi shawara irin yadda aka yi da Baffanka. Allurar da ke narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi take aiki kuma sai an yi hoton an tabbatar ba fashewa ba ce. Addu'a a cikin mota ma ana yinta.

Ban gaya wa Ummanku ba tukuna, ka san ta da sa abu a rai, amma in Juma'a ta wuce ban ga hoton takardar gwajin a wayata ba zan gaya mata, sai ku ƙare can. In kuɗi ne matsalar ka faɗa, fansho ya shigo. Ta ba direban motar safe kuka da yaji ya kawo maka, ka kira shi kafin azahar. Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Babanka.