Zuwa ga Malam Sani, Kafin Ku Bi Sawun Tsohon da Karensa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya sanyin Buffalo? Saƙonka ya iso, na kuma yi murna ƙwarai da jin ka ajiye aiki lafiya. Allah ya sanya albarka a hutun.

Ka ce kai da maƙwabcinka Bature kuna son bin hanyar da marubucin nan John Steinbeck ya bi a 1960, lokacin da ya zaga Amurka da karensa Charley ya rubuta littafi a kan tafiyar, kuma shi maƙwabcin naka ba ya rabuwa da nasa tsohon karen. Na ji daɗin wannan niyya, kuma ina son ta yiwu. Shawarata ita ce ku ajiye taswira tukuna, ku fara da nauyin motar da lafiyar karen, domin a nan ne tsohon ya fi shan wuya.

Yana da shekara 58 ya tashi daga garin Sag Harbor na jihar New York ranar 23 ga Satumba, bayan guguwar Donna ta jinkirta shi, ya dawo farkon Disamba. Kusan kilomita 16,000 ke nan cikin mako goma sha ɗaya, wato kamar kilomita 200 a rana in an raba. Wannan lissafin ya dace da ku. Kada ku yarda ku riƙa cinye kilomita 700 a yini, bayanku ba zai ɗauka ba, na karen ma haka.

Motarsa akori-kura ce ƙirar GMC, aka ɗora mata ɗan ɗaki a baya mai gado, da risho da firji da hita masu amfani da gas, da tankin ruwa na galan 30. Har yau tana ajiye a cibiyar tunawa da shi a Salinas, garin haihuwarsa a Kalifoniya, in kun kai can ka leƙa cikinta. Shi da kansa ya amsa cewa ya yi mata lodi fiye da kima: littattafai, kayan aiki, abincin gwangwani, bindigogi, kayan kamun kifi. Sakamakon ya same shi a jihar Oregon, ranar Lahadi ana ruwa, tayar baya ta fashe. Ya kwanta cikin taɓo ya sa safaya, ya duba ɗaya tayar ya ga ita ma ta yi ƙari a gefe, saura kaɗan. Da ƙyar wani mai gidan mai ya yi ta buga waya har aka samo masa tayoyi masu ƙwari.

Ga yadda za ku kauce wa wannan. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda manne da ta faɗi iyakar nauyin da motar za ta ɗauka da yawan iskar da kowace taya ke so. Wannan nauyin ya haɗa da ku biyu, da karen, da ɗakin da aka ɗora, da ruwa. Mutane ruwan suke mantawa: lita ɗaya kilo ɗaya ce, galan 30 kuwa ya haura kilo 110. Bayan kun gama lodi, ku shiga tashar manyan motoci ku hau sikeli, zai ba ku nauyin gaba daban, na baya daban. Iska kuma da sassafe ake aunawa, kafin taya ta ɗumama. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ga kaya a kanta, gefenta ne ke ta lanƙwashewa yana miƙewa, ya yi zafi, zaren ciki ya saki, sai fashewa. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefen tayar, su ne mako da shekarar da aka yi ta. In ta wuce shekara shida, a canza ko da zanenta bai cinye ba, har da safayar. Jak ɗin ma ku gwada shi a gida motar na ɗauke da kaya, ku riƙe guntun katako mai kauri na sa masa a ƙasa.

Dabara ɗaya tasa da nake so ku ɗauka ita ce ta wanki: bokiti mai murfi, a zuba ruwa da omo da tufafi, a ɗaure shi da igiyar roba. Girgizar hanya ce za ta wanke, da yamma sai ɗauraya.

Sai karen. Charley ɗan shekara goma ne, haifaffen Faransa, irin manyan nan masu nannaɗaɗɗen gashi. Abu na farko da ya tare su yana nan bakin ƙofarku, a Niagara. Tsohon ya so ya yanke ta Kanada zuwa Detroit, jami'an Kanada suka gaya masa zai iya shiga, amma Amurka ba za ta bar karen ya dawo ba sai da takardar allurar haukan kare. Ba shi da ita, dole ya juya. Yanzu ma dokar ta ƙara tsanani. Kanada na neman wannan takardar, Amurka kuma tun 1 ga Agustan 2024 tana son kare mai shigowa ya kai wata shida, a sa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a kuma cike fom ta intanet kafin a iso kan iyaka. Maƙwabcinka ya gama wannan tun da wata guda, ya riƙe takardun a hannu da hotonsu a waya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fitsari. A tsaunukan Idaho cikin dare Charley ya kasa fitsari, cikinsa ya kumbura, yana ta nishi. Ciwon nan ne da ke kama tsofaffin maza, mutum ko kare, inda naman da ke kewaye da bakin mafitsara ke kumbura ya matse hanya. Steinbeck ya ba shi ƙwayar barcinsa don jikinsa ya saki. Don Allah kada ku kwaikwayi wannan, kuma kada a ba kare farasitamol ko ibufurofen, suna lalata masa hanta da ƙoda. Likitan da ya fara gani a Spokane bai yi masa abin kirki ba, ciwon ya dawo, sai a Amarillo ta Teksas wani matashin likita ya kwantar da karen 'yan kwanaki ya warke. Saboda haka a kai karen maƙwabcinka likitan dabbobi kafin tashi, a gwada jini da fitsari, a taɓa wurin a ji girmansa. A hanya ku tsaya duk bayan awa biyu ko uku, kuma wani ya tsaya ya ga fitsarin ya fita da ƙarfi. In ka ga yana ɗaga ƙafa yana yunƙuri sai ɗigo, ko da jini, ko ya wuni bai yi ba, ku nufi asibitin dabbobi mafi kusa a daren, kada a jira gari ya waye. Kare mai kilo 25 yana shan kamar lita ɗaya da rabi a rana, kada a rage masa don gudun tsayawa. Abincin da ya saba shi za ku ɗauka, canjin farat ɗaya zawo yake kawowa. Ruwan lagireto kuma a ɓoye shi, yana da zaƙi, kare na lasa, kaɗan ne ke kashe ƙoda.

In daga Sag Harbor za ku tashi kamar tsohon, za ku fara da jirgin fito zuwa Connecticut, ku haura Maine. Yankin kaska ne, cutar Lyme ma daga sunan wani gari na Connecticut ta samo suna. A ba karen maganin kaska, kowane dare a laluba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, ku ma ku duba ƙafafunku. Kai da za ka riƙa salla a cikin motar, ka sa a ware wa karen wurinsa a baya da shimfiɗarsa da kwanonsa, a ɗaure shi da ɗamarar ƙirji, dardumarka kuma ta zauna cikin jaka. Ku daidaita wannan tun a gida, zai hana ɓacin rai tsakaninku.

A gandun Yellowstone Charley mai sanyin hali yana ganin beyar ya birkice, har tsohon ya fasa ya fito. Dokar wurin a yau ba ta barin kare ya bi hanyoyin ƙafa, iyakarsa mita 30 daga titi ko wurin ajiye mota, kuma a igiya. Yawancin titunan gandun ana rufe su farkon Nuwamba. Shi ya sa nake ganin ku riga ranar da tsohon ya tashi da mako biyu ko uku, ku tsallake Montana kafin dusar ƙanƙara. In sanyi ya kama ku, kada ku kwana da risho a kunne don ɗumi, iskar da ke fita ba ta da wari kuma tana kashewa cikin barci. Ku sayi na'urar da ke ƙara idan ta taru.

Kada kuma ku ɗora wa kanku kwanan mota kullum don kawai ya rubuta haka. Wani ɗan jarida, Bill Steigerwald, ya bi hanyar a 2010, ya gwada ta da wasiƙun tsohon, ya gano ya kwana a otal sau da yawa, matarsa Elaine kuma ta same shi a Shikago da gaɓar yamma da Teksas, sun yi makonni tare. Wannan bai rage masa daraja a idona ba. Mutum ne da ya tashi daga jinya ya ƙi zama a kujera. Ku ma duk kwana uku ku kama ɗaki, ku tambaya tun da rana ko suna karɓar kare.

In kun sauka New Orleans, ka je makarantar William Frantz. A ƙofarta ya tsaya a ƙarshen 1960 ya ga mata fararen fata suna zazzaga ashar saboda Ruby Bridges, baƙar yarinya 'yar shekara shida, ta shiga makarantar 'ya'yansu. Abin ya karya masa zuciya, daga nan ya kama hanyar gida. Ina so ka tsaya a wurin ka ɗauko mini hoto.

Ka rubuto mini irin motar da kuka samu, da abin da takardar ƙofar ta ce, da shekarun karen da nauyinsa, in yi muku lissafin ruwa da abinci. Ka gaida Hajiya da yara, da maƙwabcin naka. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Naka har kullum,
Bala