Wasiƙa zuwa ga Babangida, kafin tafiyarsa ƙasar Sin

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan kalau, sai zafin Sakkwato da ka sani. Ƙafar Innarka da sauƙi.

A bakin Kawunka na ji wai ka cike takardun tafiya Sin, kuma shekarar farko ba abin da za ka yi sai koyon Sinanci. A zauren mutane na ji, Babangida, ina gyaɗa kai kamar da sanina aka yi. To, na haɗiye.

Ba zan ce ka yi zaɓen tumun dare ba. Waɗanda suka sha Sinanci a nono sun haura miliyan 900, babu harshen da ya kai shi ta wannan fuskar, kuma yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya tare da Turanci, Faransanci, Larabci, Rashanci da Sifaniyanci. Shiga babbar kasuwa ka juya gindin fitila ko injin ban-ruwa ka ga inda aka ƙera shi. Alhazan da ke zuwa sari can kuɗi suke biyan tafinta. Su Sinawan ma tun 1963 suke shiri da Hausa a rediyonsu, sun san amfanin jin bakin abokin ciniki.

Amma da ka shawarce ni, Faransanci zan ce maka. Daga nan zuwa Illela ba a cika awa biyu, kana tsallakawa ka shiga Ƙonni. Nijar, Benin, Chadi, Kamaru, duk da shi ake rubuta takardu. Za ka ce ai a 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa. Haka ne, amma Faransanci na nan a matsayin harshen aiki. Ka tuna shekarar albasa, da na sa hannu a takardar da ban iya karantawa ba, buhunan suka ruɓe a rana ina kallo. Ko kuma Larabcin da ka yi nisa a cikinsa ka jingine. Shi Sinanci sai ka haddace alamomi kusan 3,000 kafin ka karanta jarida. Karin sautinsa dai ba zai ba ka wuya ba, wanda ya san bambancin kukan yaro da kukar miya ya riga ya samu kunne.

Duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. 'Ya'yan Baffanka na Landan ne. Kana tsaye bakin ƙofa ranar da ya kawo su wurin Hajiya tana kwance. Ta miƙa wa babban hannu, ta ce, "Maigidana, sai yau? Ina cefanena?" Yaron ya juya yana kallon ubansa, yana jiran fassara. Baffanka ya fara fassarawa, ya rasa yadda ake faɗin wasan kaka da jika da Turanci, ya yi shiru. Hajiya ta janye hannunta ta gyara mayafi. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara tayar da zancen ba. Tun da Kawunka ya yi maganar nan, idan na rufe ido Innarka nake gani a kan gadon, da ɗanka tsaye yana kallonka.

Na san abin da ke bakinka: ni na fara. Ni na hana ku Hausa a gida kuna firamare, ni na ajiye gwangwanin madara ana saka tarar naira biyar. Na yi, don ku ci jarrabawa na yi, kuma kun ci. Amma ni na ce ka turo wa mahaifiyarka barka da sallah da Turanci, sai ƙanwarka ta karanta mata? Kana Abuja ma ke nan. In ka haye teku fa? A garin nan Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ba ta zubar da ɗaya don ta ɗauki wani ba, kai harshe biyu sun yi maka nauyi?

Kada ka ɗauka fushi nake. Ka je, na sa maka albarka, ka koyo shi har su rasa gane kai baƙo ne. Sai dai ka zo gida kafin ka tashi, Innarka ta fara dakan yaji da kuka. An ce min Sin ta riga mu da awa 7, wato kana idar da isha'i mu muna shirin azahar. Duk Juma'a a lokacin za ta ajiye wayar kusa da tabarmarta. Ka kira ta, kuma kada in ji ƙanwarka tana fassara.

Allah ya tsare hanya.

Mahaifinka,
Sakkwato