Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Wasan Taramfolin: Shekarar Raɗin Suna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, malaman horaswa, 'yan kwamiti, da yaranmu 'yan wasa, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar.

Kamar yadda muka saba, kwamitin gudanarwa ya zo muku da bayanin abin da aka yi, da wanda aka yi niyya Allah bai nufa ba. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto shi da bakinsa ranar babban taro. Nawa bayanin ayyuka ne, kuma ina neman afuwa tun yanzu, domin magana ɗaya ce za ta cinye mafi yawan takardar nan, wato aikin sa wa motsin wasan da umarninsa sunaye na Hausa.

Horaswa

An ci gaba da atisaye Asabar da Lahadi, maza da safe, 'yan mata bayan la'asar a hannun malamarsu. Da azumi mun dakatar da tsalle, muka koma miƙe jiki a kan katifa. Da hunturu ƙura ta addabe mu, sai da aka riƙa goge ragar taramfolin, wadda ake tsalle a kanta, kafin kowa ya hau, don santsin ƙura a kan raga ba abin wasa ba ne. Mun sauya sifirin da suka saki, mun ɗinke katifun gefe. Dokar nan tamu ta mutum ɗaya a kan raga, masu tsaro a kowane ɓangare, ba mu sassauta ta ko sau ɗaya ba, duk da ƙorafin yara cewa layi yana tsawo.

Abin da ya jawo aikin sunaye

Da yawanku kun ji labarin targaɗen da wani yaronmu ɗan firamare ya yi a farkon shekara. Ina wurin. Yaron yana tsalle, kowace dira tana ƙara matsar da shi daga alamar tsakiya zuwa baki. Malamin ya hango, ya daka masa tsawa da kalmar Turanci da ake faɗa idan ana so mutum ya kashe tsallensa. Yaron yana sama ya waiwayo yana neman fuskar malam, ya sauko da ƙafa ɗaya a kan katifar da ta rufe sifirin, idon sawu ya gurɗe. Hoton asibiti ya nuna babu karaya, alhamdu lillahi, kuma ya dawo cikinmu. Da muka je duba shi ya gaya mana ya ji muryar malam sarai, abin da ake so ya yi ne bai gane ba.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ko gwanayen duniya, da wuya tsalle ɗaya ya riƙe su a sama daƙiƙa 2 cur. Yaronmu ko rabin haka ba ya samu. Ina lokacin da zai fassara kalma a kansa sannan jiki ya bi? A zaman kwamiti na gaba muka yanke shawara cewa duk umarnin da ake bai wa wanda ke kan raga, da Hausa za a ba shi, kuma kowane malami kalma ɗaya zai riƙe. Aka ɗora wa malaman horaswa, da wata uwa a cikinmu da ke koyar da Hausa a sakandare, nauyin tattara sunayen.

Kalmar farko ba ta ba mu wahala ba, yaran ne ma suka kawo ta: birki. Ka lanƙwasa gwiwa daidai lokacin da ƙafa ta taɓa raga, cinya ta shanye ƙarfin, ka tsaya cak. Duk yaron da ya taɓa hawa keke ya san birki. Yanzu shi ne darasin ranar farko, kuma ba a barin sabon shiga ya wuce zuwa komai sai an kira "Birki!" ya tsaya ba tare da ya waiwayo ba.

Abin da muka mayar Hausa

Siffofin jiki guda uku da ake gasa da su, mun sa musu dunƙule, ninke da miƙe. Dunƙule shi ne a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji a kama ƙwauri. Ninke shi ne a karya jiki a ƙugu, ƙafafu a miƙe, hannu ya nufi yatsun ƙafa. Miƙe kuwa sunansa ya faɗe shi, jiki sambal kamar sanda. Idan an ninke an buɗe ƙafafu, muka ce ware.

Wajen saukowa muka gane Hausa ta riga mu. Sauka a kan ciki rub da ciki ce, sauka a kan baya rigingine ce, ba mu ƙirƙiri komai ba. Sauka a zaune da ƙafafu a miƙe ita ce ta kawo muhawara, don tun tuni yara suke kiranta zaman 'yan bori, kuma duk wanda ya san yadda ake faɗin wannan magana ga wanda ya faɗi daɓas ya san sun kwatanta daidai. Wasu iyaye ba su so sunan ba, muka girmama ra'ayinsu, muka rubuta saukar zaune. Daga nan sauran suka biyo cikin sauƙi. Juyin faifai shi ne daga rub da ciki a kewaya a kwance a koma rub da ciki. Juyin kyanwa shi ne daga rigingine a yi cikakken murɗi, wato a mirgina jiki zagaye ɗaya, a koma rigingine. Zauna-juya-zauna kuwa ita ce wadda ake tashi daga saukar zaune, a miƙe jiki, a juya rabi, a sake zama ana fuskantar inda aka ba baya.

Inda muka fi daɗewa shi ne kalmar juyi. A bakinmu na yau da kullum komai juyi ne, alhali a wasan nan juyi iri biyu ne, kuma haɗa su shi ne hanyar rauni. Akwai wanda ƙafa ke bi ta saman kai, akwai wanda mutum ke kewaya kansa kamar katantanwa. Na farko muka bar masa sunansa na asali, alkafura, ta gaba ko ta baya. Adungure muka keɓe wa wanda ake yi a ƙasa kai yana taɓa katifa, domin kada yaro ya taɓa zaton ana sa kai a raga. Na biyun an kawo hajijiya, aka ce ai ita ce abin da ba ma so ɗan wasa ya ji. An kawo katantanwa, ta yi tsawo a bakin mai kira. Muka tsaya a kan murɗi, daga murɗa, kamar yadda mai wanki ke murɗa zane. Ni kaina ban gama gamsuwa da ita ba, amma yara sun karɓa, "rabin murɗi" da "cikakken murɗi" sun zauna a bakinsu.

Abin da muka bari yadda yake

Wasu sun so a hausantar da komai. Kwamiti bai bi wannan ba, kuma ina cikin waɗanda suka ƙi. Da yawa daga cikin sunayen manyan motsi sunayen mutane ne, kuma ba a fassara sunan mutum.

Wasan kansa a Amurka aka haife shi. George Nissen da Larry Griswold na Jami'ar Iowa ne suka ƙera taramfolin na zamani a shekarun 1930, Nissen kuma ya ɗauko sunan daga kalmar Sifaniyanci mai nufin katakon da masu ninkaya ke tsalle daga kansa. Kafin su akwai 'yan wasan nishaɗi masu alkafura a gaban jama'a, kuma daga wurinsu aka gaji wasu sunayen. Barani, wato alkafura ta gaba da rabin murɗi, ana danganta ta da wani ɗan Italiya mai suna Alfonso Baroni na ƙarni na 19. Rudi, alkafura ta gaba da murɗi ɗaya da rabi, ana danganta ta da Dave Roudolph. A kan amon sunansa aka gina randi, mai murɗi biyu da rabi, da adolf, mai uku da rabi. Kodi, alkafura ta baya da ake tasowa daga rub da ciki, ta samo suna daga Joe Kotys. Mila, alkafura biyu ta baya da murɗi uku, sunan Wayne Miller ne, wanda ya ci gasar duniya a 1966 da 1970. Sai filifus, alkafura biyu mai ɗauke da murɗi, da tirifus, mai alkafura uku.

Waɗannan mun rubuta su yadda harshenmu ke furta su, muka sa wa kowanne bayani da Hausa a gabansa. Dalilinmu shi ne ranar da yaronmu zai tsaya gaban alƙalin gasa ko malami daga wata ƙasa, barani zai ji an ce, kuma muna so ya san ta.

Barani ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, tunda ita ce manyan yaranmu suka sa gaba bana. Wanda ya yi alkafura ta gaba ba tare da murɗi ba, yana saukowa ne bai ga raga ba sai ƙafarsa ta kusa taɓawa. Da an ƙara rabin murɗin nan, idonsa yana kan alamar tsakiya kusan daga tashi har sauka. Shi ya sa za ku ga 'yan gidan alkafura ta gaba masu murɗi yawancinsu da rabi suke ƙarewa: rabi, ɗaya da rabi, biyu da rabi. Ranar da malam ya bayyana wannan da Hausa, yana riƙe da igiyar ɗamarar tsaro, na ga wata yarinya ta gyaɗa kai tun kafin ya gama. Ta hau, ta kafa ido a tsakiya, ta sauko tsaye. Mahaifiyarta da ke bakin ƙofa ta rangaɗa guɗa.

Harshen lambobi

Akwai harshe na uku da muka fara koya wa manyan yara da masu sha'awar alƙalanci, shi ne na lambobi da hukumar wasannin motsa jiki ta duniya, FIG, ke amfani da shi a takardar gasa. Ana raba alkafura gida huɗu, lambar farko ta faɗi kwata nawa aka yi, na bayanta su faɗi rabin murɗi nawa ne a cikin kowace alkafura. Barani 41 ce, kwata huɗu da rabin murɗi ɗaya. Alkafura ta baya da cikakken murɗi 42, rudi 43, randi 45, adolf 47. Idan kun ga 801, alkafura biyu ce, babu murɗi a ta farko, rabi a ta biyu. Bayan lambar sai a sa alamar siffa: ɗan da'ira ga dunƙule, alama mai kamar buɗaɗɗen baki ga ninke, karkataccen layi ga miƙe.

Daga nan makin wahala ke fitowa. Alkafura ɗaya a dunƙule 0.5 ce, kowane rabin murɗi ya ƙara 0.1, don haka barani 0.6, rudi 0.8. A gasa motsi 10 ake jerawa ba hutu a tsakani, a haɗa makin wahala da na kyan aiki, da daɗewa a sama, da kusancin dira ga tsakiyar raga. Malamin lissafi da ke cikin iyayenmu ya mayar da wannan wasan ƙwaƙwalwa, yana rubuta lamba a allo yara suna rige-rigen faɗin sunan motsin.

A hutun ƙarshen zango mun yi zaman kallo na gasar Olamfik ta Faris ta 2024, inda Bryony Page ta Birtaniya ta ci zinare a ɓangaren mata da Ivan Litvinovich a na maza. Muka kashe sautin, yara suka riƙa kiran motsin da kansu. Ba su kama duka ba, gudun ya yi yawa, amma sun kama da dama. A nan muka gaya musu cewa gasar duniya ta farko a Landan aka yi ta a 1964, wasan kuma bai shiga Olamfik ba sai a Sidni a 2000.

Abin da bai samu ba

Ba mu buga ɗan littafin sunayen ba, kuɗin ɗab'i bai taru ba. Abin da ke akwai shi ne allon da ke bangon ɗakin horaswa da kwafin da aka tura a zauren WhatsApp na iyaye. Rufin ɗakin da muke haya har yanzu gajere ne, ragar gasa kuma tana jefa gwani sama da mita 8, saboda haka alkafura biyu ba ta cikin shirinmu sai mun sami wuri mai tsawo. Ina roƙon iyaye su taya mu jan kunnen manyan yara, kada su je su gwada abin da suka gani a waya a kan ƙananan ragunan wuraren shaƙatawa, inda babu malami babu mai tsaro.

Shekara mai kamawa

Muna so a buga littafin, da zane a gefen kowane suna. Muna so kowane sabon malami ya haddace kalmomin umarni kafin a ba shi yara. Akwai kuma sunayen da suka rage a buɗe: ba mu sami gajeriyar kalma ba ga gocewa gefe a cikin tsalle, haka ma siffar nan da ke tsakanin dunƙule da ninke da ake yi a alkafura biyu mai murɗi. Iyaye da kakanni da suka tashi da wasannin dandali, musamman masu Hausar Sakkwato, Katsina, Zazzau ko Damagaram, ku duba mana abin da kuke kiran irin waɗannan motsi kuna yara, ku kawo wa malamar Hausa ko ni kafin babban taro. Za a sanar da ranar taron a zauren iyaye, kuma a zo da yara, domin su ne za su gwada kowane suna a kan raga a gabanku kafin a amince da shi.

Allah ya tsare mana yaranmu, ya saka wa malamai da iyaye da alheri.

Magatakarda,
a madadin kwamitin gudanarwa