Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Muka Tattara na Tarihin Wusasa

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa na gida da na nesa, ina gaishe ku a madadin kwamitin gudanarwa. Ga rahoton abin da ƙungiyarmu ta 'yan Wusasa ta yi a shekarar da muke bankwana da ita. Bayanin kuɗi yana hannun Ma'aji, zai gabatar da nasa daban, don haka ba zan taɓa lissafi ba sai inda ya zama dole.

A babban taron bara kun yanke shawara mu rage sauran hidimomi, mu sa ƙarfinmu wajen tattara tarihin gari, domin shekarar 2029 tana tafe, lokacin da za a cika shekara ɗari da tasowar mishan daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa. Abin da muka yi ke nan, kuma yawancin rahoton nan a kansa zai tsaya.

Hira da dattawa

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne bin gida-gida ana ɗaukar muryar tsofaffi da waya. Matasanmu ne suka yi wannan ɗawainiya, galibi ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, ko da yamma in rana ta yi sanyi. Tsoho ba ya son takardar tambayoyi. Da ya ga ana duba takarda sai ya ɗauka ma'aikacin ƙidaya ne ya zo, ya riƙa ba da amsa guntu-guntu. Abin da ke buɗe masa baki shi ne tsohon hoto, ko a ɗauko masa baitin farko na wata waƙar sujada ya ƙarasa da kansa. Daga nan sai labari ya ɓalle, har sai batirin waya ya nemi ƙarewa.

Akwai abu guda da kwamiti ya lura da shi, kuma shi ne babban saƙona gare ku bana. Duk wanda ka tambaya tarihin Wusasa, musamman 'yan ƙasa da shekara hamsin, sunayen manya zai jera maka. Janar Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1966 zuwa 1975, a nan ya tashi, mahaifinsa mai bishara ne ɗan ƙabilar Ngas da ya zo daga ƙasar Filato. Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, ya zama shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma sunansa ne asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da shi yau. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya ya riƙe ministan harkokin waje a Jamhuriya ta Biyu. Farfesa Adamu Baikie, wanda ya shugabanci Jami'ar Benin. Duk gaskiya ne, kuma ba mai hana mu alfahari da su. Amma da an gama jerin sai hira ta mutu. Ka tambayi yaro yadda aka yi ɗan mai bishara daga Filato da jikan malaman Kano suka haɗu a makaranta ɗaya a gindin duwatsun nan, sai ya yi shiru. Wannan giɓi muka fi ƙoƙarin cikewa.

Don haka mun tsara taƙaitaccen bayani mai shafi kaɗan wanda za a raba wa kowane gida. Ga ƙashin bayansa. A 1900 ne ayarin CMS, ƙungiyar mishan ta ikilisiyar Anglican daga Ingila, ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano, da Dokta Walter Miller a cikinsu. Sarkin Kano Alu bai ba su wurin zama ba, ya sallame su, suka dawo suka yada zango a Girku. A 1905 Miller ya shiga birnin Zariya ya zauna a Durumin Maigarke, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, yana ba da magani, yana koyar da yara a gidansa, yana aikin fassara. Ke nan makarantarmu ta girmi zamanmu a Wusasa da fiye da shekara ashirin. Zaman mishan a cikin ganuwa bai taɓa kwanta wa fada ko Turawan mulki a rai ba, aka yi ta kai da komo shekaru, har a 1929, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Kwasau, aka tashi aka dawo nan, da Baturen mishan Guy Bullen a kan gaba wajen kafa sabon mazauni. Mun kuma sa layi guda da ke tuna wa mai karatu cewa ƙasar nan ba a 1929 ta fara ganin mutane ba: Kufena da ke maƙwabtaka da mu tana cikin tsofaffin mazaunan Zazzau tun kafin birnin da muka sani.

Wasu daga cikinmu sun shiga birni sun ga unguwar Durumin Maigarke, mutanen unguwa kuma sun karɓe su hannu bibbiyu. Muna godiya.

Maganar Gimi

A nan nake so in ɗan daɗe, domin a ganina wannan ne ya fi komai daraja cikin abin da muka ɗauka bana, kuma shi ne aka fi jin nauyin faɗa.

A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa bincike a kan abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, har ya tara almajirai. Hukuma ta ga abin ya saɓa, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa, waɗanda aka riƙa kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi wajen Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller a Zariya, daga baya aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki, suka yi majami'a da makaranta. Sai ciwon barci ya faɗa musu, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. Ya kwashe jama'a da yawa, ƙauyen ya mutu, waɗanda suka tsira, da marayu a cikinsu, suka koma hannun mishan a Zariya, kuma da su aka taso zuwa Wusasa. Gidan su Farfesa Ishaya Audu yana cikin wannan zuriya.

Iyalai da dama a garin nan tushensu ke nan, amma jikoki ba su sani ba. Dalilin a fili yake: wanda ya binne iyayensa da ƙannensa cikin 'yan shekaru ba ya zama yana ba yara labarin da daddare. Abin da ya iso ga iyayenmu na yanzu gutsattsari ne, sunan wata kaka, ko wata al'ada ta gida da ba a san mafarinta ba. Mun ɗauki waɗannan gutsattsarin yadda aka ba mu, ba mu gyara ba, ba mu haɗa na wannan gida da na wancan don labari ya yi daɗi ba. Inda gida biyu suka saɓa, mun ajiye duka biyun. Wata uwa daga cikin iyayenmu ta yarda a ɗauki muryarta bisa sharaɗin kada a saki sai bayan ranta, kuma kwamiti ya amince a rubuce. Ina roƙon masu tura abubuwa a zauren WhatsApp na ƙungiya su kiyaye wannan: ba duk abin da aka ɗauka ba ne na yaɗawa.

Ziyarar Gimi da muka shirya ba ta yiwu ba bana. Mun ɗaga ta zuwa rani.

Majami'a

Tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ita ce shaidar da kowa ke iya taɓawa da hannu. Ginin ƙasa ne irin na Hausa, na tubali da azara, da bakan gizo a ciki, sana'a ɗaya da wadda ta tsayar da Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu. Baƙi masu nazarin gine-gine suna zuwa daga nesa don su gan ta, mu kuwa muna wucewa ta gabanta kullum ba ma ɗaga kai.

Saboda haka muka gayyato wani tsohon magini ya yi wa matasa bayani. Bai yi doguwar magana ba. Ya sa aka kawo ƙasa da ruwa da ciyawa, aka cuɗa, ya mulmula tubali a tafin hannunsa, mai faɗin gindi da tsinin kai, ya nuna yadda ake jera shi a tsaye ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Sannan ya ɗauki guntayen azara ya nuna yadda ake ɗora wata kan wata, kowace tana ɗan leƙowa gaba, ana ɗaurewa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama baka. Ya yi bayanin makuba da ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa don yaɓe ya jure ruwa, ya kuma ja kunne a kan indararo, domin ginin ƙasa daga wurin da ruwa ya kwanta yake fara lalacewa. Wani yaro ya tambaye shi me ya hana a shafe bangon da siminti a huta. Ya ce siminti ba ya kama ƙasa, danshi yana taruwa a bayansa, bango ya ruɓe a ɓoye alhali fuska tana sheƙi. Mun ɗauki wannan zama duka a bidiyo.

Ra'ayin kwamiti shi ne duk gudummawar da ƙungiya za ta bayar wajen kula da ginin nan ta bi ta hannun hukumar ikilisiya, kuma ta tafi ga aikin magina na gargajiya. Muna kuma neman duk gidan da ke da labarin cewa kakansu ya yi aikin ginin, ko magini ne, ko mai sarar azara, ko matan da suka ɗebo ruwa, Kirista ko Musulmi, a kawo mana suna. Muna so sunayen nan su fito a littafin cika shekara ɗari da muke shirin fitarwa a 2029, a shafi ɗaya da na Turawa.

Makaranta

Mun shirya gasar rubutu tsakanin yaran firamare da na sakandare, kowa ya rubuta tarihin gidansu daga bakin kaka ko kakan da ke raye, da Hausa. Kyautar littattafai ce da kayan rubutu. Wasu rubuce-rubucen sun ba mu mamaki, har biyu daga ciki suka kai mu gidajen da ba sa cikin jerinmu tun farko. Yaran maƙwabtanmu Musulmi sun shiga sosai, kuma daga wurinsu muka ji yadda kakanninsu suka yi karatu a makarantar mishan, aka haife su a asibitin St. Luke, ba tare da sun bar addininsu ba. Wannan ma tarihin Wusasa ne.

Sai dai abin da alƙalan gasar suka gani bai yi daɗi ba. Yawancin yaran suna jin Hausa kamar ruwa, amma ba su iya rubuta ta ba. Ba ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba. A garin da ya gaji aikin da ya fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, aikin da Miller ya yi tare da malamai Hausawa da suka zauna da shi suna auna kowace jimla, wannan abin kunya ne gare mu iyaye. A gida aka bar abin ya zube. Wasu malamai 'yan fansho cikinmu sun yi alkawarin buɗe ajin ƙa'idojin rubutu a lokacin dogon hutu.

Tsofaffin ɗaliban makarantar sakandare ta St. Paul, wadda ta koma Kwalejin Kufena bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan a shekarun 1970, sun aiko mana da hotuna. Mun kuma fara tuntuɓar ofishin dayosis na Wusasa, wato yankin ikilisiyoyin da ke ƙarƙashin bishop, wanda aka kafa a 1997, da kwalejin tauhidi ta St. Francis, kan yadda za a ɗauki hoton tsofaffin rajistocin baftisma da na aure.

Takardun gida

Wani gida ya ba mu aron adakar kwano da ta daɗe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai katunan baftisma, takardar shaidar gama makaranta, littafin waƙoƙi da bango ya rabu da shi, da hotuna. Gara ta ci gefe guda. A bayan wani hoton ɗalibai an rubuta sunaye da fensir layi-layi, rabi ya goge, amma da aka kai wa wani dattijo ya sa tabarau ya cike kusan duka daga fuskokin. Mun ɗauki hoton komai mun mayar da adakar ga masu ita a mako guda. Haka za mu yi wa kowa: ba ma riƙe asali. Don Allah kada a manna tsohon hoto da gam, kada kuma a sa shi cikin leda a rufe, danshi yana kashe shi.

Zumunci da sauran hidimomi

Mun je gaisuwar rasuwa da ta rashin lafiya kamar yadda aka saba, mun kuma halarci bukukuwan 'ya'yan ƙungiya. Cikin dattawan da muka sa a jerin hira akwai waɗanda Allah ya yi wa rasuwa kafin mu kai gare su. Allah ya ba iyalansu haƙuri.

Maganar kuɗin wata-wata zan bar wa Ma'aji, sai dai in ce 'yan'uwanmu na Kaduna, Abuja, Legas da ƙasashen waje sun fi kowa yabon aikin nan a waya, kuma sunayensu ne suka fi yawa a shafin bashi.

Abin da ke gaba

Muryoyin da muka ɗauka suna nan a waya da kwamfuta, an kwafe su wuri biyu, amma kaɗan ne aka mayar rubutu. Aiki ne mai cin rai: hirar awa ɗaya tana iya cinye yini, domin sai an yi ta mayar da murya baya, tsoho kuma yana ambaton sunaye da wuraren da yaro bai taɓa ji ba. Shi ya sa muke so kowane matashi mai rubutawa a haɗa shi da babba guda da zai riƙa duba masa. Kwamiti yana neman amincewar wannan taro a kan abu biyu: a ware kaso daga asusu don sallamar masu rubutawa, a kuma naɗa ƙaramin kwamiti da zai fara tsara littafin cika shekara ɗari, da mata aƙalla biyu a ciki, tunda yawancin abin da muka samu daga bakin iyayenmu mata ya fito. Mai son shiga ɗaya daga cikin ayyukan nan ya ba da sunansa ga Sakatare kafin a tashi, na nesa kuma su aiko ta zauren ƙungiya kafin ƙarshen wata.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa