Kafin A Yi Wa Finafinan Kaboyi Kuɗin Goro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. A makon jiya na karanta a shafinku na nishaɗi inda marubucin ya ce tsofaffin finafinan kaboyi babu komai a cikinsu sai sukuwa da harbe-harbe, wai zamaninsu ya tafi tare da gidajen silman da ake kallonsu. Da yawansu haka suke, ban musa ba. Amma akwai guda ɗaya da nake so ya nema ya kalla kafin ya yi musu kuɗin goro. Sunansa Day of the Outlaw, wanda André De Toth, ɗan asalin ƙasar Hangari, ya ba da umarni, ya fito a 1959.

Fim ne da aka yi da kuɗi kaɗan, kuma ba ya ɓoye hakan. Baƙi da fari ne a lokacin da manyan kamfanoni suka koma yin kaboyi mai launi. Garin da labarin ya faru, Bitters a yankin Wayomin na Amurka, bai wuce 'yan gidajen katako ba, an kakkafa su a tsakiyar dusar ƙanƙara a jihar Oregon inda aka ɗauki fim ɗin. Babu rana mai ƙuna, babu ƙurar hamada irin wadda muka saba gani. Sanyi ne kawai da laka da iska.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ba mu labarin kaboyin da suke kallo a silma a Kano suna samari, inda tun daga shigowar mutum ka san jarumi ne ko mugu, sai ihu da tafi. Da wannan tunanin na zauna kallo a waya wani dare na hunturu, sai na ga abin ba haka ba ne. Robert Ryan ne ya fito a Blaise Starrett, mai garken shanu, kuma ya shigo gari ne da niyyar kashe wani manomi, Hal Crane, saboda manomin zai kewaye gonarsa da waya mai ƙaya ya tare wa shanu hanya. Duk wanda ya taɓa zama wurin sulhu kan burtali ya san zafin wannan magana. Sai dai ba waya ce kaɗai ke cin Starrett ba. Matar manomin, Helen, tsohuwar masoyiyarsa ce. Wato mutumin da aka ba mu a matsayin jarumi yana fakewa da guzuma ne ya harbi karsana, kuma shi ma ya san haka.

A nan fim ɗin ya ɗauko halin finafinan nan na shekarun 1940 da Faransawa suka laƙaba wa suna baƙin fim: inuwa ta fi haske yawa, kowa da abin da yake ɓoyewa, ba wanda hannunsa yake da tsabta.

Akwai wurin da ba na mantawa. A mashaya, Starrett ya sa a gangaro da kwalba a kan dogon teburin, a kan cewa da ta faɗo ƙasa za a zare bindigogi. Kyamara ta bi kwalbar tana mirginawa, ba kiɗa, ba magana, kai mai kallo numfashinka ya tsaya. Kafin ta kai ƙarshe sai ƙofa ta buɗe, 'yan fashi suka shigo. Nan take rigimar makiyayi da manomi ta zama ƙaramar magana. Kwalba ɗaya da ƙofa ɗaya, Malam Edita. Nawa aka kashe a kan wannan?

Shugaban 'yan fashin, Jack Bruhn, Burl Ives ne ya fito a shi: tsohon kyaftin na soja, da harsashi a ƙirji, sojoji na bin sawunsa. Shi kaɗai ne katangar da ke tsakanin yaransa da mutanen gari, don ya hana su giya, ya hana su taɓa mata. Likitan dabbobi ne ya cire masa harsashin, don babu wani likita a garin, kuma ya san mutumin ba zai kai labari ba. Sai ka tsinci kanka kana fatan ɗan fashi ya ƙara kwana, saboda ka san abin da zai biyo bayan mutuwarsa. Wurin rawar da ya ƙyale yaransa su yi da matan gari ya fi kowane harbi tayar da hankali, ana jujjuya mata kamar buhu, mazansu na tsaye ba yadda za su yi. Na kalli wurin zuciyata tana kan ƙauyukanmu da suka kwana a hannun 'yan bindiga.

Daga baya Starrett ya ce wa 'yan fashin ya san wata hanya ta kan duwatsu da za su tsere, alhali babu ita. Ya ja su ne kawai don ya raba su da gari, ko da zai rasa ransa. Dawakai na nutsewa cikin ƙanƙara har ƙirji, tururi na fita daga hancinsu, kuma kana gani ka san wahalar ta gaske ce, ba dabarar kwamfuta ba. Mutum na ƙarshe da ya rage ya ɗaga bindiga zai harbi Starrett, yatsunsa sun daskare, ya kasa jan kunama.

Roƙona biyu ne. Marubucinku ya ba wannan fim awa ɗaya da rabi, sannan ya sake rubuta mana ra'ayinsa, ko da bai sauya ba. Su kuma 'yan'uwanmu masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, su gwada wannan. Maganganun cikinsa kaɗan ne, ba zai ba su wahala ba, kuma dattawan da suka yi zamanin silma suna nan da ransu, za su so su kalle shi tare da jikokinsu.

Na gode.

Naka,
Mai karatu daga Zariya