Barka da Sallah daga Gilasgo, da wata magana a kan Jebba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi layyarku, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Ina gaida Kaka gaisuwa ta musamman, da Yaya da iyalinsa, da Auta, da duk mutanen gida da maƙwabta a Agege.

Mu ma mun yi idi lafiya, a cikin masallaci, ana yayyafi. A nan ba a yanka a ƙofar gida. Kuɗi mutum yake bai wa mahauci, a yanka a mayanka, daga baya ya je ya karɓi nama a leda. Layya ta yi, alhamdu lillahi, amma ba babbaka, ba ƙamshin suyar Inna, ba yara masu kai wa maƙwabta rabo a kwano. Da na ga hoton ragon da Yaya ya sayo a Alaba Rago sai da idona ya kawo ruwa.

Yaya ya ce dillalin ya gaya masa motar ragunan ta kwana a Jebba kafin ta haye. Wannan ce ta sa na zauna rubuta muku doguwar wasiƙa, don akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. Mu da aka haifa a Legas, Jebba a wurinmu gada ce kawai. Mota ta rage gudu, a miƙa hannu ta taga a sayi banda, a wuce Mokwa. Alhali a garin nan aka yanke cibiyar Kaka, a nan mahaifinta yake kwance, kuma ba don Jebba ba da gidanmu bai san hanyar Agege ba.

Na samu hutu kwanan baya na je wani ƙaramin gari da ake kira Selkirk. A tsakiyar garin akwai mutum-mutumin Mungo Park, wanda aka haifa a yankin a 1771, ya mutu a ruwan Busa a 1806 yana neman inda Kogin Kwara ya ƙare. Shi ne dai mutumin da aka gina wa hasumiyar tunawa a Jebba, wadda Kaka take cewa suna yara sukan je wasa a gindinta. Mutanen Selkirk sun san tarihinsa tiryan-tiryan, har yaransu. Na tsaya a wurin ina tunanin 'ya'yan Yaya, waɗanda ba su san ko sunan unguwar da aka haifi kakar ubansu ba. Daga nan na shiga karanta abin da aka rubuta a kan Jebba.

Baba, ashe ba banza garin ya kafu a wurin ba. Ƙasar Nufawa ce tun asali, masunta da 'yan fito. Jiragen ruwa masu tasowa daga Lokoja suna iya hawowa har Jebba idan kogi ya cika, amma daga nan zuwa sama duwatsu ne da ruwa mai ƙarfi, sai dai kwale-kwale. Ga kuma tsibiri a tsakiya da ya raba kogin biyu, ya sauƙaƙa ƙetarawa. Duk wanda ya riƙe wannan wuri ya riƙe ƙofar Arewa ta wannan ɓangare. Turawan Ingila sun gane haka. Bayan sojojin kamfaninsu na ciniki, wato Royal Niger Company, sun ci Bida da Ilori a 1897, suna kuma ja-in-ja da Faransawa a kan ƙasar Bargu, sai Lugga, wanda daga baya ya zama gwamnan Arewa, ya kafa barikin sojansa a Jebba. Da aka shelanta mulkin mallaka a Arewa a 1900, daga Jebba ya fara gudanar da shi, har zuwa 1902 da ya tashi ya koma Zungeru. Kano da Sakkwato ba su faɗa hannunsu ba sai 1903, Kaduna kuwa ba ta zama hedikwata ba sai 1917. Wato garin da muke sayen kifi ta taga ya riga Kaduna riƙe Arewa. Ba abin alfahari ba ne a ce daga nan aka shirya cin ƙasarmu, amma tarihi ne, kuma ya kamata yara su san inda abin ya faro.

Abin da ya fi shafar gidanmu shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo daga Legas ya iso Jebba a 1909, ya tarar da kogi ba gada. Shekaru aka yi ana ɗora taragai a kan jirgin fito ana ƙetarar da su, sai a zamanin yaƙin duniya na farko aka gama gadar, mai hawa kan tsibirin ta sauka a ɗaya gaɓar. Idan kun tuna, Kaka takan ce kakanta ya zo Jebba ne da niyyar wucewa, jiran fito ya tsayar da shi, ya fara dako a tasha, ƙarshe ya yi aure ya zauna. Da ina ɗaukar maganar hira ce kawai. Yanzu na ga ta zauna daidai a kan shekarun nan.

Goro ne ya kawo sauran. Ana ɗaure huhu a Agege da Shagamu, a zuba a tarago, ya haye Jebba zuwa Zariya da Kano, shanu kuma su gangaro kudu. Inna ta sha ba mu labarin yadda Kaka take zama a bakin tasha da faifai, tana ware goriya daban, marsa daban, minu daban, tana yayyafa wa ganyen huhu ruwa kada goron ya bushe. Har yau idan an kawo mata goro sai ta juya shi a tafin hannu, ta ɓare da farce, ta duba cikinsa kafin ta kai baki. A wannan tashar Marigayi Alhaji ya gan ta, ya nemi aurenta, ya kawo ta Agege. Allah ya jiƙansa da rahama.

Bayan 'yancin kai garin ya ga alheri. An buɗe masana'antar takarda a 1969, ga ta sukari a Bacita nan kusa. An gama madatsar Kainji a 1968, ruwanta ya shanye tsohuwar Busa, sannan aka ƙaddamar da ta Jebba a 1985 da injina 6 masu ƙarfin megawat 578. Wutar da ake kawo muku a Agege akwai rabon ruwan Jebba a cikinta. Amma masana'antun sun yi shekaru a durƙushe, jirgin ƙasa ya ja baya, tireloli suka karɓe kaya, matasa suka watse neman abinci kamar yadda ni ma na yi. Masunta kuma suna kukan cewa tun da aka tare kogin, cikarsa da janyewarsa sun koma hannun masu buɗe ƙofar madatsa.

Akwai kuma rabon jihohi. An ƙirƙiri Kwara a 1967, Neja a 1976, kogin ya zama iyaka. Jebba ta kudu tana ƙaramar hukumar Moro a Kwara, ta arewa tana ƙaramar hukumar Mokwa a Neja. Dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, gwamna biyu. A ganina garin da ke bakin iyaka shi ake mantawa, don kowace gwamnati tana ganinsa a ƙarshen ƙasarta. Ambaliyar da ta ci rayuka masu yawa a Mokwa a watan Mayun 2025 ta ƙara nuna mini halin da yankin yake ciki. Allah ya gafarta wa waɗanda suka rasu.

Ga roƙona. Auta, ki zauna da Kaka a kwanakin nan da gida yake cike, ki kunna wayarki ki naɗi muryarta. Kada ki katse ta. Ki tambaye ta sunan unguwarsu, da inda maƙabartar take, da waɗanda suka rage cikin dangi, da abin da manya suke faɗa a kan babban dutsen nan na tsakiyar ruwa. Ki turo mini ta WhatsApp ko da guntu-guntu ne.

Yaya, idan za ku tafi Kano bikin da ake shiryawa, don Allah ku kwana a Jebba. Ku kai yaran bakin ruwa, su ga gadar jirgi daga ƙasa, ku nemi kabarin mahaifin Kaka ku yi masa addu'a. Kuɗin masauki da na mai suna wuyana, na haɗa su da goron Sallah da na turo ta asusunka. A fitar wa Kaka nata daban, a saya mata zane.

Inna, a ajiye mini dambun nama, akwai wanda zai taho nan bayan Sallah, zan turo lambarsa. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam, naku,
ɗanku na Gilasgo